Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu tantance bayanan wasan jiyokashin: kwatance daban, talla daban

Zuwa ga masu tantance bayanan ajiyoyi na yankinmu, da masu tsara dokokin wasan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku. Yaya aiki, yaya ɗawainiya da mu? Mun san aikin sa kai kuke yi, ba wanda ke biyanku ko sisi, don haka kafin komai mun gode.

Ni direba ne a Jidda, ina kai kaya shaguna da gidaje. A nan aka haife ni. Kakana ne ya zo aikin Hajji ta ƙasa, ya ratso Sudan, ya ƙetaro Bahar Maliya daga Sawakin, daga nan kuma bai koma gida ba. Ina rubuto muku ne da yawun 'yan tsirarun Hausawan garin nan masu wasan jiyokashin. Ba mu kai a cika mota biyu ba: direbobi uku, ɗalibai biyu, tela ɗaya, sai wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya da ta fi mu duka iya gano abin da aka ɓoye. Ba mu da ƙungiya, shayin daren Juma'a ne ke haɗa mu, kuma a wurin shayin aka ce ni in ɗauki alƙalami.

Da yake wasiƙar a buɗe take, bari in yi wa wanda bai san wasan ba bayani a gurguje. Mutum zai sami ɗan gwangwani ko robar da ruwa ba ya shiga, ya sa takardar sa hannu a ciki, ya ɓoye a wani lungu, ya ɗauki lambobin wurin da GPS, sannan ya rubuta ɗan bayani. Wani kuma zai bi lambobin da wayarsa har ya gano, ya sa hannu, ya mayar yadda ya tarar. Abin ya faro ne a Amurka a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin ƙasar ta daina dagula siginar GPS da fararen hula ke amfani da ita. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a dajin da ke kusa da Beavercreek a jihar Oregon, har da gwangwanin wake a ciki, ya ce wanda ya samu ya ɗauki wani abu ya bar wani abu. Yau ajiyoyin sun haura miliyan 3 a ƙasashe sama da 190. Kowace sabuwar ajiya kuma sai ta bi ta hannun mai tantancewa kafin ta fito. Ku ke nan.

Abin da ya sa na rubuto shi ne dokar nan da ta hana harkar kasuwanci a bayanin ajiya. Yadda muka karanta ta: ba a sa sunan kamfani ko na kayan sayarwa, ba a sa tambarinsa ko adireshinsa na intanet, ba a yin magana mai ƙamshin talla, kuma ba a sa mai nema ya shiga shago, ko ya yi magana da ma'aikata, ko ya sayi wani abu kafin ya kai ga ajiya. A cikin watannin nan an dawo mana da bayanai huɗu saboda wannan doka. Biyu an yi gaskiya, mun gyara ba mu ce uffan ba. Sauran biyun su ne suka hana mu barci.

Amma in fara da faɗin inda muke tare da ku, don kada a ɗauka ƙyashin doka muke yi. Wani ɗan'uwana mai shagon gyaran waya ya taɓa ganin ina duba taswirar wasan, ya tambaye ni mene ne. Da na yi masa bayani sai idonsa ya buɗe. Ya ce in maƙala masa gwangwani ɗaya a ƙofar shago, in rubuta sunan shagon, duk wanda ya zo zai rage masa riyal biyar a kuɗin gilashin waya. Na ce masa a'a. Har yau yana yi mini gori a kai. Na san idan aka buɗe wannan ƙofa, cikin wata guda kowane mai shawarma a garin nan zai ajiye nasa gwangwanin, taswira ta koma allon talla, yaran da muke fita da su kuma su riƙa ganin sai da kuɗi a aljihu ake wasan. Wannan ɓangaren na doka ku riƙe shi da ƙarfi, muna bayanku.

Matsalarmu ta farko ita ce a garin nan sunan shago shi ne adireshi. Gaskiya ne an fito da adireshin ƙasa, mai haruffa huɗu da lambobi huɗu, ni ma ina amfani da shi wajen kai kaya. Amma ku tsayar da kowane mutum a bakin titi ku tambaye shi hanya, ku ji ko zai karanto muku lamba. Cewa zai yi ka wuce gidan mai kaza, ka karya dama a bakalar wane (wato shagonsa na kayan masarufi), in ka ga mai burodin tamis ka iso. Har manyan titunan ma haka suke. Titin da takarda ta kira na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz kowa Tahliya yake ce masa, sunan da ya samo daga tashar tace ruwan teku. Akwai titin Makarona, wanda masana'antar taliya ta bar masa suna. A arewacin ƙasar akwai doguwar hanyar da ake kira Tapline, sunan kamfanin bututun mai ne. A kudancin Jidda kuma an yi unguwa sukutum da ake ce wa Petromin, kafin a rushe ta.

A kan wannan unguwar aka dawo mini da bayanina. Na rubuta cewa ajiyar tana gefen tsohuwar unguwar Petromin, sai saƙo ya zo cewa in cire sunan kamfani. Na fahimci yadda aka yi. Mai tantancewa ya bincika sunan, ya ga na man juye ne da wuraren gyaran mota, ya yi aikinsa. Ban ga laifinsa ba, ba a garin ya tashi ba. Amma ni ba man juye nake sayarwa ba. Sunan unguwar da aka yi mini aski na farko ke nan, kuma ba ta da wani sunan da mutane suka san ta da shi. Da na cire, na rubuta "wata unguwa a kudancin gari", sai bayanin ya zama kamar an ce wa baƙo ya nemi gidan Malam a Kano. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na san amsar da za a ba ni: ai akwai lambobi, wasan ma ai na bin lambobi ne, kuma an ba mai ajiya damar ƙara wasu lambobin na wurin ajiye mota. Haka ne, muna ma amfani da su. Sai dai ku zo Balad, tsohon garin Jidda da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ku gwada. Lungunan ba su fi a miƙa hannu biyu a taɓa bango da bango ba, gidajen dutsen murjani hawa huɗu hawa biyar, tagogin katako na roshan sun leƙo sun rufe sama. A can alamar waya rawa take yi. Kana tsaye wuri ɗaya za ta ce saura mita 4, ka ɗan juya ta ce 15, ta nuna maka cikin gidan mutane. Tsakanin Baitu Nasif da kasuwar Alawi, abin da ke fitar da mutum shi ne a ce masa lungun da ke bayan mai turaren nan. Kun sa dokar tazarar mita 161 tsakanin ajiya da ajiya don kada su cakuɗe, dokar mai kyau ce. To a cikin mita 161 na Balad akwai lunguna da ƙofofin gidajen mutane da ba su ƙirguwa, kuma mai nema zai lalube su duka in ba a ba shi alama ba.

Wannan laluben shi ne matsala ta biyu, kuma ita ce ta fi tsaya mana a rai. Ku kwatanta a ranku: baƙin mutum, da daddare (don da rana zafi ba ya bari), yana tafe yana haska bango da waya, yana cusa hannu bayan akwatin mita, yana waiwaye. Me maigadin gidan zai ɗauka? Me askar zai ɗauka? Wasunmu 'yan ƙasa ne, wasu da igama, wato takardar izinin zama, suke zaune, amma dukkanmu mun san yadda ake kallon Takari in ya tsaya inda ba a san dalilin tsayuwarsa ba. Ɗaya daga cikin ɗalibanmu ya shafe kusan awa guda yana yi wa wani maigadi bayani, an karɓi katinsa an duba, an buɗe gwangwanin an ga takarda da ɗan fensir da maɓallin riga, sannan aka sake shi. Tun daga ranar bai sake fita nema shi kaɗai ba.

Maganin da muka samo wa kanmu mai sauƙi ne. Ba ma ajiye komai sai mun nemi izinin na kusa da wurin, kamar yadda dokarku ma ta ce a nemi izini. Na kusa da wuri kuwa, a unguwanninmu, kusan kullum mai shago ne, shi ne ke zaune a nan daga bayan Asuba har dare.

Akwai wani dattijo mai bakala da muke kira Baba. Shagon ɗan ƙarami ne, firji ɗaya, buhunan shinkafa a ƙofa, rediyo a rataye da igiya. Da na je masa da maganar sai ya karɓi gwangwanin, ya jujjuya, ya buɗe, ya shinshina.

Ya ce, "Ɗana, ba dai wani abin ne a ciki ba?"

Na ce, "Wallahi Baba takarda ce kawai, ga ta."

Ya ce, "To mutane su taso daga wata ƙasa don su sa hannu a wannan? Allah mai iko. Sa shi can bayan tukunyar fulawar, inuwa ta fi yawa."

Tun daga ranar shi ke kula da ita. In masu shara suka matsar, ya mayar. Da ruwan sama ya jiƙa takardar, shi ya yago shafi daga littafin bashinsa ya sa a madadinta. In ya hango baƙo yana zagaye da waya sai ya kau da kai yana murmushi, in maƙwabta suka fara taruwa ya ce musu a ƙyale shi, baƙonsa ne. Bai taɓa cewa a sayi ko ruwan riyal ɗaya ba.

Da na zo sabunta bayanin sai na ƙara layi biyu: ajiyar tana wajen bakalar Baba, ya san da ita, kowa ya kwantar da hankalinsa, kuma muna yi masa godiya. Aka dawo da shi. An ce na ambaci wurin kasuwanci, kuma maganar tana iya sa mai nema ya ji kamar sai ya yi hulɗa da mai shago. Na karanta saƙon sau uku. Layin da na rubuta don kada a kama mutum shi ne aka ce talla ne. Na cire, don ba na son a rufe ajiyar. Amma yanzu wanda ya zo bai san yana da mai tsaya masa ba, sai ya riƙa saɗaɗawa kamar ɓarawo a gaban mutumin da ke gadin abin da yake nema. Godiyar kuma ta maƙale mini a wuya. A tarbiyyar da aka yi mana, mutum ya riƙe maka amana shekara da shekaru ka kasa ambatonsa, abin kunya ne.

Na uku gajere ne amma rai ne a ciki. Mukan fita daji lokacin sanyi, wajen Ɗa'ifa, wani lokaci har ramin Wahba, wanda faɗinsa ya kai wajen kilomita 2, da farin gishiri kwance a ƙasansa. A irin waɗannan hanyoyi, sanin wane gidan mai ne na ƙarshe, kuma ko ana samun ruwa a can, ya fi komai muhimmanci a bayanin. Lambobi za su nuna maka akwai gini a wurin, ba za su gaya maka famfonsa ya mutu tun bara ba. In gidajen mai biyu ne a jere, ɗaya na aiki ɗaya kango, ta yaya zan bambance wa baƙo su ban kira suna ba? Mun taɓa dawowa da fitilar mai tana ƙiftawa kilomita da yawa, da yara biyu a baya, kowa ya yi tsit a motar.

Sai na huɗu, wanda ba a dawo mana da shi ba don ba mu ma aika ba, mun san amsar. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe tsofaffin unguwanni da dama a Jidda don sake fasalin gari, ciki har da Gulail da Karantina da Sabil da Kandara da ita Petromin ɗin. Nan ne da yawanmu muka girma. Nan ne masu tsire suke hura wuta bayan Magariba, tsiren nan namu da mutanen Hijaz suka karɓa suke kira siriya, suna layi a kansa da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa. Nan ne teloli da masu wanki da masu sayar da goro suke. Muna so mu jera ajiyoyi a gefen manyan titunan da suka kewaye wuraren, kowace da ɗan labarin abin da ke nan a da, don yaranmu su tsaya su karanta. To labarin unguwa ai labarin shagunanta ne. In aka ce kada a ambaci sunan gidan abincin da ya ciyar da layi guda shekara talatin, me ya rage a faɗa? Shagon da babu shi, babu ko tubalinsa, wa za a tallata wa shi?

Wani abu kuma da muka lura, ba don neman magana ba. Dokar ba ta rufe ƙofa ruf a ko'ina ba. In taron 'yan wasa za a yi, an yarda a faɗi inda za a haɗu ko da gidan abinci ne, don in ba haka ba ba wanda zai iso. Akwai kuma jerin ajiyoyi na yawon buɗe ido da garuruwa da hukumomi ke biyan kuɗi a shirya musu don jawo baƙi. Ba mu ce kada a yi ba. Abin da hakan ya nuna mana shi ne masu dokar sun san akwai inda ambaton suna larura ce. Muna roƙon a kalli larurarmu da wannan idon.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga abin da muke nema.

A raba sunan wuri da sunan kamfani. In unguwa ko titi ko shataletale ya ci sunan wani kamfani har ya zama da shi ake kiransa, a bar mu mu rubuta shi. Mai ajiya zai iya aiko da hoton allon titi ko na taswira a matsayin shaida, ba abin wahala ba ne.

A yarda a ambaci shago sau ɗaya tak, don kwatance ko don nuna inda ruwa da mai suke, da sharaɗi mai tsauri: babu tambari, babu lambar waya, babu farashi, babu yabo. "Bayan bakalar wane" kwatance ne. "Bakalar wane mai arha da kayan kirki" talla ce, ku soke ta, mu ma za mu taya ku sokewa. Duk mai tantancewa zai iya bambance waɗannan biyun cikin daƙiƙa guda. In kuma sunan ne kuke ganin ba zai yiwu ba ko ta yaya, to aƙalla a bar mana siffar sana'ar, mai turare, mai burodi, gidan mai na biyu in ka fito daga gari, kuma a faɗa wa duk masu tantancewa haka don kada wannan ya yarda wancan ya ƙi.

A ba mu layi ɗaya da aka amince da shi, wanda kowa zai iya kwafa: mai wurin ya san da ajiyar, ba sai an yi masa magana ba, ba sai an sayi komai ba. Wannan ita ce buƙatar da muka fi matsuwa da ita. Ko sauran duka za su jira, wannan kada ta jira, don ita ce mutum zai nuna wa maigadi ko askar a fuskar wayarsa. In za ta zo da Larabci a gefe, ya fi.

Shagunan da suka rufe ko aka rushe, a ɗauke su a matsayin tarihi.

Sannan in za a dawo da bayani, don Allah a nuna mana jimlar da ta yi laifi, a ce ga yadda za ta wuce. Yawancinmu Larabci da Hausa muka iya, Turancin na lallaɓawa ne. In aka turo mana dogon sakin layi na doka ba tare da an ja layi a ƙarƙashin kalmar ba, sai mu yi ta cire abubuwa a makance har bayanin ya zama ƙashi ba tsoka. Telan cikinmu haka ya yi sau uku, a na huɗu ya haƙura, gwangwaninsa na nan a aljihun keken ɗinkinsa har yau. Mun shirya mu fassara wannan sashe na dokar zuwa Hausa da Larabci kyauta, ku duba ku gyara. Kuma in mai tantancewa ya ci karo da sunan da bai gane ba, ya tambayi ɗaya daga cikin 'yan wasan garin kafin ya yanke hukunci. Matambayi ba ya ɓata, mu kuma wayoyinmu a kunne suke.

Duk wanda hanya ta biyo da shi Jidda a cikinku, muna gayyatarsa. Za mu shiga da shi Balad ta Bab Makka bayan Isha'i, mu ba shi lambobi kawai ba kwatance, mu tsaya gefe mu ga minti nawa zai yi. Daga nan mu wuce wajen Baba, wanda jiya ma ya tare ni yana tambaya ko Turawan nan sun amsa. Na ce masa tukuna. Ya ce to takardar ciki ta kusa cika, in zo da sabuwa ranar Asabar.

Muna jiran amsarku.

Naku,
Ɗaya daga cikin Hausawan Jidda masu wasan jiyokashin,
a madadin sauran.